Da gaske gashin cutar daji yana shanye jini?

Mai karatu, in ka taɓa yin jinya a babban asibiti, ka san cewa a gidajenmu yanzu wanda ya yi boko shi ne ɗan riƙon takarda. Kai za a miƙa wa sakamakon gwaji, kai za a tambaya "me suka ce?", kuma abin da ka faɗa shi za a kai ƙauye a yanke hukunci a kansa. Ko aikin jarida kake karantawa kamar ni, ba ruwan kowa, ai kana jami'a.

Haka ta faru da ni a hutun da ya wuce. Gwaggona da ke aure a wani ƙauye a ƙasar Tudun Wada aka gano tana da sankarar bakin mahaifa. Aka rubuta mata gashi sau 25, kullum daga Litinin zuwa Juma'a, mako biyar ke nan, da ƙarin ruwan kemo sau ɗaya a mako. A mako na uku aka ɗebi jininta kamar yadda aka saba, na karɓo takarda, sai na ga an yi wa wani layi alama. Lambar da ya kamata ta tsaya tsakanin 1.0 da 4.0 ta koma 0.4. Na tambayi ma'aikaciyar jinya, ta ce sojojin jikinta ne suka ragu, kuma abu ne da suka saba gani a wajen masu gashi. Ni kuma da bakina ba ya riƙe magana, na buga waya gida na faɗa. Kafin la'asar Baffa ya kira. Dama ya faɗa, gashin nan shanye jinin mutum yake yi, a tattaro ta a dawo da ita.

Ba Baffa kaɗai ke wannan magana ba. Ka shiga motar Doguwa ko ka zauna jiran mota a Kwanar Dangora, in zancen ciwon daji ya taso za ka ji ta. Abin da ya sa take da wuyar ƙaryatawa shi ne akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Gashi yana taɓa jini. Amma wane ɓangare na jinin, ta wace hanya, kuma ya kai a gudu saboda shi? Abin da na kwashe darare ina karantawa a baranda ke nan, sauro na cizo, kuma shi nake so in ba ka a dunƙule kafin ranar da za a miƙa maka taka takardar.

Da farko, jini ba abu ɗaya ba ne. Akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, su ne ake nufi in an ce "jininta ya yi ƙasa, sai an ƙara mata leda biyu". Akwai kuma fararen ƙwayoyi, waɗanda muke kira sojojin jiki, su ma iri-iri ne. Waɗanda suka ragu a takardar Gwaggo sunansu limfosayit. Su ne masu gane abokin gaba, su riƙe kamanninsa, shi ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya da wuya ya sake yi, kuma da su allurar rigakafi take aiki. In ka taɓa jin ana maganar CD4 a wajen masu ɗauke da cutar ƙanjamau, to CD4 ɗin nan wani jinsi ne na limfosayit. Lafiyayyen baligi yana da tsakanin 1,000 da 4,000 a cikin ɗigon jinin da bai kai kan allura ba. In suka sauka ƙasa da 500, likitoci na cewa raguwar ta yi tsanani. Gwaggo tana kan 400.

Hasken da ake gashi da shi, duk da sunan, ba wuta ba ne kuma ba a jin zafinsa lokacin da ake yi. Ɗan'uwan hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi ne, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana ratsa jiki ya kakkarya zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta, ƙwayar ta kasa haihuwa ta mutu. Ma'aunin yawansa sunansa gire. Yawanci ana ba mara lafiya gire 2 ko ɗan ƙasa da haka a kowane zama, a tara masa 45 zuwa 70 gwargwadon irin ciwon.

To, a duk jikin ɗan'adam da wuya a samu ƙwayar da ta kai limfosayit rashin juriyar wannan haske. Gire ɗaya zuwa biyu ya isa ya kashe kusan rabinsu, gire uku ya kashe kusan tara cikin goma. Jajayen ƙwayoyi kuwa ko a jikinsu, domin ba su da cibiyar da zaren gadon yake. Ga abin da ya fi burge ni: a manyan ma'ajiyar jini, akwai marasa lafiyar da kafin a ƙara musu jini sai an gasa ledar da gire 25, da gangan, don a kashe limfosayit na wanda ya ba da jinin kada su far wa jikin wanda aka ba. Jajayen ƙwayoyin su shiga su yi aikinsu. Ka ga ashe hasken ba "shan" jini yake yi ba, zaɓe yake yi.

Sai tambayar da Baffa ya yi mini a waya, wadda a lokacin na rasa amsarta: in mara kawai ake haskawa, me ya kai abin ga jinin da aka ɗiba a hannu?

Amsar ita ce jini ba ya tsayawa. Babban mutum yana da kusan lita biyar, kuma zuciya tana harba kusan lita biyar a minti ɗaya in mutum yana hutawa. Ma'ana, cikin kusan minti guda jinin ya zaga. Ƙari yana nan a kwance wuri ɗaya yana karɓar haske, amma jinin da ke bi ta cikinsa da kewayensa sabo ne kowane lokaci. Ka ƙaddara hadari ya tsaya a kan Kwanar Dangora kaɗai, inda motocin Kano da na Zariya da na Jos suke haɗuwa, kuma ruwan da zai zubar ganga ɗaya ce ba ƙari. In ya sheƙe ta cikin ƙiftawar ido, motocin da ke kan kwanar a daidai lokacin ne za su jiƙe sharkaf, saura duk su wuce a bushe. In kuma ya yi ta yayyafa gangar nan na tsawon awa guda, duk motar da ta gifta sai ta samu rabonta. Ga mai ɗauke da katako, yayyafi ba komai ba ne. Amma limfosayit buhun siminti ne a bayan buɗaɗɗiyar mota, ɗan ruwa kaɗan ya ishe shi lalacewa.

Wasu masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun yi wannan lissafi a kwamfuta, suka wallafa a 2013. Sun ɗauki misalin ƙarin ƙwaƙwalwa da ake ba gire 60 a zama 30. Suka ga a zama ɗaya, kashi 5 cikin ɗari ne kawai na jinin da ke zagawa yake samun rabin gire ko fiye. Amma bayan zama 30, kashi 99 cikin ɗari ya samu. Yau waɗannan motoci, gobe waɗancan, kafin wata ɗaya da rabi babu wadda ba ta jiƙe ba. Kafin wannan, an ga cewa kusan huɗu cikin goma na masu irin wannan ƙari da aka haɗa musu gashi da magunguna, CD4 ɗinsu ya faɗo ƙasa da 200 bayan wata biyu, kuma waɗanda nasu ya faɗi haka ba su kai sauran daɗewa ba. An sake ganin irin wannan alaƙa a kansar huhu da ta maƙoshi da wasunsu. Dalilin da ake zato shi ne limfosayit ɗin nan suna cikin masu yaƙar kansar da kanta, ba ƙwayoyin cuta kaɗai ba.

A wajen Gwaggo akwai ƙari a kan wannan. Kusan rabin ɓargon da ke ƙera jini a jikin baligi yana cikin ƙashin ƙugu da ƙasan gadon baya, daidai inda ake haskawa. Ga kuma kemo. Hannu uku ke nan a kan abu ɗaya.

Yanzu mu zo kan gudun hasken, wanda shi ne ainihin abin da ya ja hankalina. Gire 2 gire 2 ne, amma ana iya ba da shi a minti ɗaya, ana iya ba da shi a minti biyar. A nan Arewa mun san wannan a aikace ba tare da mun lura ba. Shekaru da yawa, mutumin Kiru ko Bebeji da aka ce sai an yi masa gashi, Shika ake tura shi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, inda injin kobal ya daɗe yana ɗauke da nauyin marasa lafiya daga jihohi da dama. Injin kobal ba wutar lantarki ke haifar masa da haske ba. Wani ɗan ƙarfe ne a cikinsa, kobal-60, da yake fitar da hasken da kansa dare da rana. Ɗabi'arsa kuma ita ce duk bayan shekara biyar da wata uku, ƙarfinsa ya ragu da rabi. A wata ɗaya yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari, shi ya sa masana kimiyyar injin suke sake lissafin lokaci a kai a kai. Abin da sabon ƙarfe zai bayar a minti ɗaya, bayan shekara biyar sai an yi minti biyu, bayan shekara goma da rabi sai an yi huɗu. Mara lafiya yana samun cikakken adadinsa, kwanciyar ce ke ƙara tsawo. Sabbin injina da ake kira linak kuwa da lantarki suke haifar da hasken, gudunsu ba ya tsufa haka.

Da na gane wannan sai na ce shi ke nan, na kama bakin zaren: injin da ya fi sauri ya fi tausaya wa jini. Ashe na yi garaje. Su waɗancan masu lissafi na 2013 sun gwada canza gudun a cikin iyakar abin da injinan asibiti suke yi, suka ga matsakaicin abin da jini ke samu bai wani canza ba, yana nan wajen gire 2.2. Abin da ya canza shi sosai shi ne girman wurin da ake haskawa. In ka duba, da ma'ana. Minti ɗaya ko minti huɗu, in dai za a maimaita sau 25 ko 30, kowace mota za ta bi ta kwanar. Amma in hadarin ya faɗaɗa ya rufe daga Kwanar Dangora har Kafin Maiyaki, to ruwan da ke sauka a kan hanya ya ninka. Kuma nan ne abin ya dawo kanmu. Ƙarin da aka kawo shi yana kamar ƙwallon goruba, da wanda aka kawo bayan an shekara ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe ya bazu zuwa kaluluwa, ba faɗin haske ɗaya za a buɗe musu ba. Gwaggo ta yi wata tara tana ganin jini ba lokacinsa ba kafin ta faɗa wa kowa, don kunya. Ba laifinta nake gani ba, haka aka tarbiyyantar da su. Amma watannin nan tara suna cikin lambar 0.4 ɗin can.

Inda gudu zai iya yin tasiri na gaske shi ne in ya wuce duk abin da muka sani. A 2014 wasu masana a Cibiyar Curie ta Faransa suka wallafa gwajin da suka yi a kan ɓeraye, inda suka ba da haske da gudun gire 40 ko fiye a daƙiƙa ɗaya. A daƙiƙa fa, ba minti ba. Ya ninka gudun da aka saba fiye da sau dubu. Suka ga ƙari ya mutu kamar yadda ya saba, amma huhun ɓerayen bai lalace kamar na waɗanda aka yi wa a hankali ba. Aka sa wa hanyar suna FLASH. A 2018 aka yi wa mutum na farko a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, wani dattijo mai shekara 75 da ke da kansar fata, aka ba shi gire 15 cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Daga baya aka gwada a kan mutum goma a Sinsinati ta Amurka, masu kansar da ta bazu zuwa ƙashin hannu ko ƙafa.

A irin wannan gudu, jini bai ma motsa ba an gama. Sheƙewar gangar nan ke nan cikin ƙiftawar ido. Wani lissafin kwamfuta da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa in aka ba da babban adadi a zama ɗaya, kashe-kashen sojojin da ke cikin jini zai iya saukowa daga kashi 90 ko fiye zuwa kashi 5 ko 10. Dalilin mai sauƙi ne: wanda ya mutu ba ya sake mutuwa, duk hasken da ya ƙaru a kan ƙwayar da ta riga ta tafi, hasken da wata ta tsira daga gare shi ne.

Kafin ka ɗauki wannan ka watsa a WhatsApp na dangi, tsaya. Shi wannan lissafin da kansa ya nuna cewa a gire 2, wato adadin da ake ba irin su Gwaggo kullum, fa'idar kusan ɓacewa take yi. Sannan a 2019 masu bincike a jihar Tegzas sun gwada gudun gire 35 a daƙiƙa a kan zuciya da saifar ɓeraye, ba su ga limfosayit sun tsira ba. Kuma kaso kaɗan ne na limfosayit, wajen biyu cikin ɗari, suke yawo a jini a kowane lokaci, saura suna zaune a kaluluwa da saifa da hanji da ɓargo suna shiga suna fita, abin da ke sa lissafin ya fi misalin motocina rikitarwa. FLASH har yanzu a matakin gwaji yake ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi. Duk wanda ya ce maka ka kawo kuɗi ya haɗa ka da inda ake yi a unguwa, ka riƙe aljihunka.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne rage yawan zama. A kansar mama, manyan gwaje-gwaje a Birtaniya sun nuna gire 40 a zama 15 yana aiki kamar gire 50 a zama 25, kuma a 2020 aka nuna cewa ga wasu matan, gire 26 a zama biyar kacal ya wadatar. Ga jini, kowane zaman da aka rage rana ce da motoci suka wuce a bushe. Ga aljihu kuwa, ka tambayi wanda ya taso daga Riruwai ya ratsa dajin Falgore, ya biya Tudun Wada, ya fito Kwanar Dangora, sannan ya nemi motar Kano ko ta Zariya da mara lafiya a kafaɗa. Ba ya iya zuwa ya dawo kullum, dole ya kama ɗaki ko ya sauka a gidan dangi, ya bar gona a lokacin da masara ke neman taki. Bambancin mako biyar da mako uku a wajensa buhuna ne. Ba kowace kansa ake taƙaitawa haka ba, ta Gwaggo ma ba a yi ba, amma tambayar likita ko akwai gajeren tsari ba rashin kunya ba ne. Wuraren yi ma sun ɗan ƙaru. Bayan Shika da Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da Asibitin Ƙasa na Abuja, an ƙaddamar da cibiyar kula da masu cutar daji a Giginyu cikin Kano a Janairun 2023, sannan a Yulin 2025 aka buɗe wata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A ƙasar da ƙiyasin 2022 ya nuna ana samun sabbin masu kansa sama da 127,000 a shekara, kuma kusan rabin masu kansa suna buƙatar gashi, kai ma ka san layin da tsawo.

Mu koma ga hukuncin Baffa. Washegari na samu likita na ce, "Ranka ya daɗe, a gida an ce a dawo da ita." Bai yi faɗa ba. Ya ja takardar ya nuna mini wasu layuka biyu da ban ma kalla ba, na jajayen ƙwayoyi da na wani jinsin fararen da ke tare ƙwayoyin cuta cikin gaggawa, ya ce waɗannan ya fi dubawa kafin ya ce a dakata, kuma nata ba su kai wurin ba. Sannan ya yi mini bayanin da na kai wa Baffa kalma-kalma. A sankarar bakin mahaifa ana so a kammala komai, har da gashin ciki da ake yi a ƙarshe, cikin mako takwas. Duk ranar da aka tsallake, ƙwayoyin kansar da suka yi laushi suna farfaɗowa su ci gaba da hayayyafa. In aka ɗauke ta a zama na goma sha uku, sojojin sun riga sun ragu, ƙarin kuma bai mutu ba. An biya kuɗin, an bar kayan a kasuwa.

Abin da raguwar take nema shi ne tsaro, kuma a nan ne mu 'yan jinya muke da aiki. Mafi wuya shi ne 'yan dubiya. Ka san mutanenmu, ɗaki ya cika, a rufe taga, wannan na tari wancan ta zo da yaro mai ƙarambau a goye. Kano ta sha fama da mashaƙo a 2023, tarin fuka kuwa bai taɓa barinmu ba, kuma yana iya kwanciya shekaru a jikin mutum ya tashi ranar da garkuwa ta yi rauni. Na zama marar kirki a idon wasu ƙawayen Gwaggo saboda na ce a gaisa daga ƙofa. Gidan sauro kullum, ruwan sha a tafasa, wanke hannu kafin a taɓa kwanonta. Na sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, aka ce in ya kai 38 kada a tsaya jiƙa komai ko sayen maganin zazzaɓi a tebur, a kawo ta ko tsakar dare ne. Duk wani sassaƙe da aka aiko daga gida wai na ƙarin jini, sai na nuna wa likita tukuna. Wake, ƙwai, kifi, zogale da ƙuli, duk suna taimaka wa jiki ya jure, amma babu kwanon da zai mayar da 0.4 ta koma 2.0 a mako guda, lokaci ne ke yin wannan, wani lokacin watanni da yawa.

Abu ɗaya da ya ba ni dariya da takaici a tare: wata maƙwabciya ta hana jikokinta zama kusa da Gwaggo, wai hasken yana fita daga jikinta. Gashin da ake yi daga waje ba ya zama a jikin mutum. Da an kashe injin shi ke nan, kamar yadda ba ka fita da hasken tocila a rigarka.

Gwaggo ta kammala a kwana na hamsin da uku. Bayan wata uku muka koma aka sake ɗibar jini, lambar ta hau zuwa 0.9. Na karanta mata a mota muna hanyar komawa, ta ce, "'Yar nan, wato har yanzu ban ci jarrabawar ba ke nan?" Na ce saura kaɗan, Gwaggo. An ba mu wata ranar bayan wata uku, kuma Baffa ya ce wannan karon shi zai biya kuɗin mota, amma sai na ɗauki hoton takardar na tura masa ya gani da idonsa.